Abokin Shan Maganin Baba

Mahaifina tela ne. A Sabon Garin Minna aka haife shi, a nan kuma ya tsufa. Aikin jirgin ƙasa ne ya kawo kakanmu daga Kano, ya gina gida da ɗan shago a gaba, shagon nan kuwa shi Baba ya gada ya kafa kekensa na ɗinki. Ni ce 'yarsa ta biyu, ina koyarwa a wata makarantar firamare a Bosso. Bayan rasuwar mahaifiyarmu sai na dawo gidan da zama, tunda mijina direban babbar mota ne, ba ya cika kwana a gari ba, Yaya kuma yana can da iyalinsa da shagonsa na kayan gini.

A ɗinki muka fara ganin alama. Mutumin da ke kallon kafaɗarka sau ɗaya ya yanka yadi daidai, shi ne ya ɗinka wa wani riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Daga nan sai almakashi ya kwana a firij, sai ya tambaye ni ko Innarmu ta dawo daga kasuwa, alhali da shi aka kai ta makwancinta. Da muka kai shi asibiti suka ce ciwon mantuwa ne irin na tsufa, ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa.

Da ma Baba ya daɗe da hawan jini da ciwon suga. Magungunansa suna cikin wani tsohon gwangwanin biskit, tare da maɓallai da ƙananan allurai, kuma shekara da shekaru shi ke shan abinsa da kansa, ba wanda ke tuna masa. Shi ya sa ba wanda ya kawo gwangwanin nan a ransa.

Wata rana na dawo daga makaranta na same shi zaune gaban keke, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, hannuwansa na rawa, yana magana ba a gane abin da yake cewa. Gwangwanin yana buɗe a kan tebur, katin maganin suga kuma ya kusa ƙarewa, wanda ba a daɗe da sayowa ba. Ashe yakan sha, ya manta ya sha, ya koma ya ƙara. Maƙwabta suka taya ni muka sa shi a Keke Napep. A asibiti aka ce sugansa ne ya faɗi ƙasa, aka sa masa ƙarin ruwa, kafin la'asar ya buɗe ido yana tambayar wanda ya bar masa shago a buɗe.

Likitar da ta duba shi matashiya ce, ba ta da yawan magana. Ta ce in je gida in kwaso duk wani abin da ake kira magani, kada in bar ko ɗaya. Na dawo da leda cike. Akwai na asibiti, akwai wanda aka sayo a kemis don ciwon gwiwa, akwai garin gargajiya da wani ya ba Yaya, akwai ma waɗanda suka lalace tun Inna na da rai. Ta zube su a tebur tana warewa, ta ture mafi yawansu gefe. Ta canza na sugan, ta tsara sauran yadda kusan duka za a sha su da safe tare da karin kumallo. Sannan ta dube ni ta ce, "Malama, daga yau magani ya bar hannunsa. A kulle shi. Mutum ɗaya ne zai riƙa ba shi, kuma ya tsaya ya ga ya haɗiye. Kada a niƙa ko ɗaya sai an tambaye ni."

Na ɗauka wahala ta ƙare ke nan. Na sayi ɗan akwatin roba mai gida-gida, na kowace rana daban, na kulle shi a durowar ɗakina. Washegari na kawo masa koko da ƙosai, na miƙa masa ƙwayoyin a tafin hannuna. Ya dubi hannun, ya ɗago ya dube ni.

"Wa ya aiko ki?"

"Baba, ni ce fa. Maganinka ne."

"Ni lafiyata lau. Ki koma ki gaya wa wanda ya aiko ki ban sha ba."

Haka muka shiga. Wata rana ya karɓa, wata rana ya kawar da kai. Wani lokaci yakan sa a baki, ya kurɓi ruwa, ya yi mini murmushi, ashe ya ɓoye ƙwayar a ƙarƙashin harshe. Na tsinci wasu a durowar keke cikin zare, wasu a naɗin hularsa. Wanda ba zan manta ba shi ne ranar da nake wanki na ji wani abu tsiri-tsiri a bakin rigarsa ta ƙasa. Na duba, sai ga shi ya farke kalmasar, ya jera ƙwayoyin a ciki, ya mayar ya ɗinke da hannu. Ɗinkin siriri, a miƙe, ba inda ya karkace. Na zauna bakin famfo da rigar a cinyata na daɗe ina kallo. Wannan mutumin bai san ranar da muke ciki ba, bai san ko ya ci abinci ba, amma yatsunsa ba su manta komai ba.

Daga baya ya zo da wata sabuwa. Duk safiya idan na kawo abinci sai ya ce, "A'uzubillahi, ina azumi." A ransa kullum watan Ramadan ne. Ba ya ci ba ya sha sai yunwa ta ci ƙarfinsa ya manta da azumin, wani lokaci sai rana ta take. Ga mai ciwon suga wannan ba abin wasa ba ne. Na nuna masa kalanda, na kira limamin unguwa ya yi masa bayani, ya saurara da ladabi ya ce ya gode, liman na fita ya ce da ni wannan malamin bai ga wata ba.

Yaya ya gaji. Ya ce a niƙa a zuba a kunu kawai. Na kira likitar, ta ce ɗaya daga ciki za a iya, amma na hawan jinin an yi shi ne ya riƙa narkewa a hankali a ciki, idan aka niƙa zai sauka gaba ɗaya ya yi masa illa. Wanda ta yarda da shi muka gwada. Kurɓa ɗaya Baba ya yi ya ji ɗaci, ya ajiye kofin, ya daɗe kuma bai sake yarda da kunu ba.

Ana cikin haka, wata Asabar da damina ta yi nisa, Keke Napep ta tsaya a ƙofar shago. Wani tsoho ya sauko da kyar yana dogara sanda, direban na sauke masa doya. Baban Chanchaga ne, haka muke kiransa tun muna yara. Manomi ne, Kirista, mutumin Gbagyi, gidansu na can kusa da kogi tun kaka da kakanni. Yana saurayi ya fara zuwa shagon Baba ɗinkin kayan aurensa, tun daga nan ba su rabu ba. Duk shekara sabuwar doya daga gonarsa take fara shigowa gidanmu, kayan Kirsimetin 'ya'yansa Baba ke ɗinkawa, naman layyarmu kuma ba ya rabuwa ba a ware nasa ba. Rabonsa da mu tun ta'aziyyar Inna, gwiwoyi sun hana shi fita.

A wannan safiyar Baba bai gane Yaya ba, har ya tambaye shi ko awo ya zo. Don haka na tari tsohon a ƙofa zan yi masa bayani kada ransa ya ɓaci. Ban ƙarasa ba na ji muryar Baba a bayana, da ƙarfin da na daɗe ban ji ba.

"Sarkin doya! Ashe ba ka mutu ba?"

"Tela, in na mutu wa zai kawo maka doya?"

Suka riƙe hannun juna suna dariya har da tari. Ni da Yaya muka dubi juna.

Baban Chanchaga Hausarsa irin ta mutanen ƙasar ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinsa. Ya zauna kan bencin masu jiran ɗinki, ya ga kwanon koko da na ƙosai a rufe, ya ga ƙwayoyi a ɗan faranti. Ya sa hannu a aljihu ya zaro wata leda a ƙulle, ya kwance, sai ga nasa maganin hawan jinin.

"Kai yarinya, kawo ruwa. Ban sha nawa ba na fito."

Na kawo. Ya buɗe kwanon, ya ɗauki ƙosai ɗaya ya riƙe, bai kai baki ba.

"Tela, sa hannu mana."

"Ci abinka, ina azumi."

"Wane azumi? Azumi ya wuce tun ba a fara ruwa ba. Dubi can."

Ya nuna doyar da aka jingine a bakin ƙofa, da jar ƙasa ɗanya a jikinta. Baba ya tashi, ya je ya tsuguna, ya shafa ta, ya murtsuke ƙasar tsakanin yatsunsa ya sansana. Ya daɗe a haka. Sannan ya ce a hankali, "Sabuwa ce. To azumi ya wuce ke nan." Abin da kalanda da liman suka kasa, doya ta yi shi.

Ya dawo ya zauna, ya juyo gare ni da faɗa. "Baiwar Allah, baƙo na zaune kin tsaya kina kallo? Ƙaro ludayi." Suka ci tare. Da suka gama, Baban Chanchaga ya jefa ƙwayarsa a baki, ya sha ruwa, ya wage baki ya zaro harshe kamar yaro. "Ka gani? Ya tafi. Saura kai, ko tsoro kana ji?" Baba ya ce shi da ya haɗiyi allura yana yaro bai mutu ba, ƙwaya ce za ta ba shi tsoro? Ya kwashe nasa ya haɗiye, shi ma ya wage baki. Babu komai a ƙarƙashin harshen.

Da na raka tsohon bakin titi na gaya masa duk halin da muke ciki. Ya saurara yana kallon ƙasa. Bai ba ni haƙuri ba, bai yi alkawarin komai ba, cewa kawai ya yi, "To." Washegari Lahadi, ina shara, na ji ƙarar Keke a ƙofa. Shi ne, cikin shigar coci, ya ce ya biyo ne ya sha magani kafin ya wuce.

Daga ranar ya mayar da shi aiki. Daga Chanchaga zuwa Sabon Gari ba nan kusa ba ne, sai an ratso gari, ga cunkoson safiya, ga gwiwoyin da ko hawa Keke sai an tallafa masa. 'Yarsa, wadda ke sayar da hatsi a kasuwa, ta kira ni tana cewa ta yi ta hana shi ya ƙi, wai ya ce maganinsa ba ya aiki sai a shagon tela. Ni dai kafin in tafi makaranta sai in buɗe durowa, in fito da na ranar, in ajiye faranti biyu. In tsaya daga ƙofa in ga an wage baki, sannan in ɗauki jakata.

Ba wata hira mai yawa suke yi ba. Labari ɗaya ne Baba ke bayarwa, na wandon auren da ya ɗinka wa abokin nasa ya zo ɗangalalle, ango ya shiga coci idon sawunsa a waje. Yakan ba da shi ya gama, a ɗan jima ya sake farowa, Baban Chanchaga kuma ya yi dariya yana dukan cinya kamar yau ya fara ji. Na taɓa tambayarsa ko ba ya gajiya. Ya ce, "Shi ya manta ya faɗa, ni ma sai na manta na ji. Mun yi daidai."

Wata Lahadi ya zo da wata tsohuwar riga mai ruwan ƙasa. Baba ya kama gefenta, ya juya cikin, ya bi ɗinkin da babban yatsa tun daga hammata har ƙasa. Ya ce, "Wannan hannuna ne." Kuma gaskiyarsa ce, rigar ta girme ni.

Ba kullum ake dacewa ba. Ranar da aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya, ko ciwon ƙafa ya kayar da tsohon, sai mu koma gidan jiya. Na gwada haɗa su a waya, Baba ya ji muryar, ya juya wayar yana duba bayanta, ya ce a fito masa da mutumin. A irin waɗannan ranaku likita ta ce kada in yi faɗa da shi, in bari a jima in sake gwadawa, idan ya ƙi har rana ta yi a bar shi, kuma kada in kuskura in haɗa masa biyu washegari. Amma jininsa ya sauka, sugan ya daidaita, har ya ɗan yi ƙiba. Da likitar ta tambayi abin da muka canza na gaya mata, ta ajiye biro ta ce in sake faɗa mata tun daga farko.

Bayan Kirsimeti da 'yan makonni, wata safiya Keke ba ta zo ba. Da rana 'yarsa ta kira tana kuka, ta ce ya faɗi a bakin rumbu, ɓarin jikinsa ya shanye. Ya yi kwanaki a asibiti aka sallamo shi gida.

Baba bai tambayi inda yake ba, don in ba ya ganinsa sunan ba ya zuwa masa. Amma duk safiya sai ya ja kujera bakin ƙofa ya zauna yana kallon titi, duk Keken da ta rage gudu sai ya yunƙura. Abinci ya koma sai an yi da gaske, magani kuwa ko kallonsa ba ya yi. Yaya ne, wanda ban zata ba, ya ce, "Ki shirya shi gobe. Tunda tsohon ba zai iya zuwa ba, mu mu kai masa Baba."

Baba ya daɗe bai fita unguwa ba. A mota ya riƙe hannuna gam, yana karanta allunan shaguna da ƙarfi, yana tambayar wane gari ne wannan. Muka sauka daga kwalta muka bi wata hanya tsakanin bishiyoyin mangwaro har gidan. Mata suka fito suna yi mana maraba, aka kai mu ɗakin.

Baban Chanchaga na kwance, ya rame, bakinsa ya karkace gefe guda. Magana ba ta fita sai gurnani. 'Yarsa na zaune bakin gado da ɗan kofin koko da cokali, da maganin da asibiti suka nuna mata yadda za ta ba shi. Ta ce tun da suka dawo ya datse haƙora, idan ta matsa sai ya juya fuska bango. Ta ce, "Ya gaji ne, so yake ya tafi."

Na ji tsoron kada Baba ya rikice, don baƙon wuri yakan firgita shi. Ya tsaya tsakiyar ɗaki yana kallon gadon. Sai ya saki hannuna. Ya je ya karɓi kofin daga hannun yarinyar kamar da ma shi take jira, ya ce ta tashi. Ya zauna, ya sa hannu ɗaya ƙarƙashin wuyan abokinsa ya ɗago shi sosai, ya sa aka tura masa matashi a baya. Ya ɗebo kokon, ya ɗiga a bayan hannunsa ya ji zafinsa, ya hura.

"Sarkin doya, wane irin lalaci ne wannan? Rana ta fito kana kwance. Buɗe."

Tsohon ya juyo da ido. Hawaye ya gangaro ta gefen da ya shanye. Sai bakin ya buɗe, kaɗan. Baba ya ce bismillah ya zuba, ya jira, yana kallon maƙogwaronsa har ya ga ya motsa. Abin da ya zubo ta gefen baki ya goge da bakin rigarsa. 'Yar ta miƙo maganin, ya ba shi a cokali na gaba, ya bi da wani. Bai yi gaggawa ba ko sau ɗaya. Ba wanda ya koya masa. Yaya ya juya ya fita waje, na ji yana fyace hanci a gindin mangwaro.

Da kofin ya ƙare Baba ya ajiye shi a ƙasa, ya miƙo mini tafin hannunsa ba tare da ya dube ni ba.

"Nawa fa?"

Yana cikin jakata. Tun da ciwon nan ya same shi, ranar ce ta farko da ya nemi magani da bakinsa.

Daga nan Yaya ya ɗauki nauyin kai shi. Kafin ya buɗe shago sai ya biyo ya ɗauke shi, ni in ba Yaya maganin ranar a ƙulle, matan gidan can kuma su tanadi koko kofi biyu. Har suka saba, yara na ganin motar su ruga suna cewa tela ya zo. Baban Chanchaga ya ɗan farfaɗo, ya kai ga zama a kujera, yana iya cewa "Tela" a fili. Amma bai ga doyar shekarar ba. Ruwan farko bai daɗe da sauka ba ya rasu.

Ni da Yaya muka je jana'izar, muka zauna a bayan coci. Da muka dawo muka yi shawara muka gaya wa Baba, don muna ganin haƙƙinsa ne ya sani. Ya yi salati, ya yi kuka sosai kamar ƙaramin yaro. Kafin a kira la'asar ya share ido ya tambaye ni ko mutumin nan ya ce zai zo gobe. Ba mu sake gaya masa ba.

Yanzu Baba ba ya fita shago, ƙafafun sun yi rauni. Likita ta ƙara rage magungunan, ta ce a wannan matakin kaɗan ya fi. Yawancin safiya yana karɓa daga hannuna, wata rana kuma ya ƙi, in bar shi. Bai san ni ba. A wurinsa ni wata mata ce mai kirki da ke shigowa da ruwa. Kwanan baya, bayan ya haɗiye, ya riƙe mini yatsu bai saki ba, ya ce, "Baiwar Allah, 'yar gidan wa ce ke?"

Na ce, "'Yar wani tela ce, nan Sabon Gari."

Ya gyaɗa kai. "Yana da rai?"

"Yana nan."

"To idan kin koma ki gaishe shi. Ki ce na ce ya yi tarbiyya, Allah ya saka masa da Aljanna."

Na ce amin, zan gaya masa. Na ɗauki kofin na fita tsakar gida, na wanke shi a bakin famfo, sannan na tafi makaranta.